Mai Ciyawa Shi Ke Fara Tsallakewa

Ranar da aka sauko da gawar mijina Veit daga kan dutse, ban iya kallon fuskar kowa ba, ƙasa nake kallo. Shi ya sa na ga ƙafafun Kassian.

Maza biyar ne suka jawo gawar a kan katakon da ake jawo ciyawa da shi a kan ƙanƙara, suka ajiye a ƙofar gida. Kassian ne ya yi bayani, tunda ciyawarsa aka je ɗaukowa. Ya ce da suka isa bakin kwazazzabon da muke kira Maƙogwaro, igiyar takalminsa na taka ƙanƙara ta tsinke, ya tsugunna zai ƙulla, kafin ya ɗago Veit ya riga ya shiga. Bai yi nisa ba gangaren ya zaftaro gaba ɗaya, ya tafi da shi. Yana faɗa yana kuka har da majina, mata suna ba shi haƙuri kamar shi aka yi wa mutuwa. Ni kuwa igiyoyin nake kallo. Tsofaffi ne, sun yi baƙi da maiko, kuma babu sabon ƙulli ko ɗaya a jikinsu.

A kwarinmu na Tirol, ciyawar da aka yanka da rani a can sama, a rumbunan sama take zama har sai hunturu ya yi nisa, ta ƙasa ta ƙare. Sannan mai ita ya kira gayya, kowane gida ya ba da mutum ɗaya, kuma ba a cewa a'a. Hanyar tana bin ƙashin bayan dutse lafiya lau, sai wuri ɗaya, Maƙogwaro, wani kwazazzabo mai tsananin gangara da iska ke cika wa dusar ƙanƙara. Dole a ratsa shi, mutum ɗaya bayan ɗaya. Dokar kuma tun kaka da kakanni ita ce, mai ciyawa shi ke fara tsallakewa, in ba zai iya ba, jininsa. Kakanninmu ba wawaye ba ne. Mutumin da ya san ƙafarsa ce za ta fara taka wurin ba zai kira gayya a ranar banza ba.

Ban ce komai ba a lokacin. Wa zan gaya wa? Kassian ke da shanu ashirin da biyu, shi ke riƙe tuta ranar bikin coci, bayan shekara biyu ma aka ba shi shugabancin kwamitin da ke yanke hukuncin ko gangare ya taku ko bai taku ba. Ni kuma matar mamaci ce mai saniya uku da maganar igiya. Na haɗiye abina, ya zauna mini a ƙirji shekara goma sha ɗaya, ban bar shi ya huce ba ko na yini ɗaya.

Abin da na yi shi ne na koyi karatun ƙanƙara. Da farko hauka ne kawai, ina hawa da shebur ina tono, ina son in ga abin da ya kashe mini miji da idona. Wani ma'aikacin auna ƙanƙara da ake aikowa daga birni ya same ni cikin rami wata rana, maimakon ya yi dariya sai ya shigo ya nuna mini. Dusar ƙanƙara ba abu ɗaya ba ce, hawa-hawa take, kowace zuba da shimfiɗarta, kuma tana riƙe da tarihin hunturun gaba ɗaya. Akwai mai tauri, akwai mai laushi, akwai kuma muguwar, wadda in ka damƙa ba ta dunƙulewa, sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar gishiri. In wannan ta kwanta a ƙasa, duk abin da ya hau kanta aro yake zaune. A hankali na zama ni ke tono wa kwamiti kowace safiya. Mazan garin suka sa mini suna Bokanya, amma in 'ya'yansu za su hau dutse, ni suke tambaya ta bayan gida.

Hunturun da nake ba da labarinsa, watan Disamba ya zo da sanyi mai tsanani, sama tas, mako uku babu zuba. Saman ƙanƙarar ya zama gishirin nan. A Janairu kuma sai aka kwana huɗu ana zubawa, iskar arewa tana kwasa tana jibgewa a kwazazzabai. Ranar Asabar na yi tono kusa da Maƙogwaro, na yanka ginshiƙin ƙanƙara, na ɗora shebur a kai na fara bugawa da tafin hannu. A bugu na huɗu ya zame sumul, ya faɗo mini a ƙafa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, domin na riga na san ciyawar Kassian ta ƙasa saura ta kwana biyar.

Ga inda laifina yake, kuma na san shi sarai. Da na bi ta ƙofar baya na gaya wa Kassian a hankali, ko na aika tsoho Luis maƙwabcina ya gaya masa, da ya ji. Matsoraci ne, matsoraci kuwa ba ya ƙin shawarar da za ta tsare masa rai in babu mai kallo. Da ya ari ciyawa wurin maƙwabta ya jira mako ɗaya. Amma sai na jira Lahadi, bayan an fito coci, lokacin da maza suka cika gidan cin abinci na dandali, kowa da kofin giyarsa, ana buga karta. Mata ba su cika shiga ba a wannan lokacin. Na shiga, na tsaya a kansa.

“Kassian, an ce jibi za ka kira gayya.”

Bai ɗago daga kartarsa ba. Ya ce, “Ina dai tunani, Burgl. Shanu ba sa cin addu'a.”

“To kada ka je. Akwai gishiri a ƙasa, zurfinsa ya kai ƙugu. Bugu huɗu na yi ya zame.”

Wani daga can gefe ya ce, “Ku ji Bokanya! Bara ma haka ta ce, har yau ga mu muna shan giya.”

Aka yi dariya. Na bari ta lafa, sannan na sassauta murya, irin sassautawar da ke sa kowa ya kasa kunne.

“Ni dai don na san ka ne na faɗa. Kai ba mutumin Maƙogwaro ba ne, Kassian. Ka zauna kusa da murhu ka jira bazara. Ko kuma ka nemi wanda zai tsallake maka.”

Luis, wanda yana cikin maza biyar ɗin da suka kawo mini gawa, ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofinsa. Wuyan Kassian ya yi ja har zuwa kunne. Ya kife kartar a kan tebur.

“Ke, tun ba ki san hannun damanki ba nake taka dutsen nan. Mace ta yi rami biyu da shebur, shi ke nan ta zama malamar ƙanƙara? Ni ne shugaban kwamiti, na ce ya taku. Talata, gari na wayewa, kowane gida mutum ɗaya.”

Na ce, “To, Allah ya kai mu.” Na fito. Gaskiya tsantsa na faɗa masa, a gaban shaidu talatin, babu wanda zai ce na ɓoye komai.

Saura abu ɗaya. Ranar Litinin na soya ƙosan fulawa irin mai cuku a ciki, na kai wa Afra. Afra ita kaɗai ce 'yar Kassian, shekararta ashirin da takwas, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar uwarta. Ni na riƙe ta a coci ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa take ce mini Gota, wato uwar baftisma. Ni na koya mata saƙa, a cinyata ta yi kukan uwarta. Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma in akwai wanda nake so a duniya bayan Veit, ita ce. Na same ta a garke tana tatsa.

“Gota! Ke da kika tayar da ƙura jiya? Baba ko abincin rana bai ci ba, sai zagaye ɗaki yake yana magana da kujeru.”

“Bar shi, tsufa ne. Ke dai kada ki bar shi ya hau shi kaɗai gobe. Gwiwar nan tasa ba ta da kirki.”

Ta dakata da tatsar. “Ba ke kika ce akwai hatsari ba?”

“Ai shi ya sa. In abu ya faru, gara a ce nasa na kusa.”

Ta ce haka ne, ta gode mini, ta cinye ƙosai biyu a tsaye da hannun da bai gama bushewa ba. A hanyar gida na yi ta gaya wa kaina lissafin. Ko dai ya shiga da kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ko kuma ya ga 'yarsa za ta shiga, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sani. Afra ko taku ɗaya ba za ta yi ba. Haka na tsara, kuma na yarda da tsarin.

Talata gari na wayewa muka taru a bayan coci, mu tara. Shekara goma sha ɗaya gidana bai ba da mutum a gayyar Kassian ba, ba a kuma taɓa tambayata dalili ba. Da suka gan ni da katakon ciyawar Veit a kafaɗa, hira ta mutu. Kassian ya dube ni, ya dubi Afra, ya tofar da yawu, ya wuce gaba.

Sama ta yi garau, rana ta fito, irin ranar da ke yaudarar baƙi. Muna hawa cikin itatuwa babu abin da ya faru. Da muka fita fili a kan ƙashin bayan dutsen, kowa ya kwance jar igiyarsa ya ɗaura a ƙugu, tana jan ƙasa a bayansa, don in an binne mutum a ga bakinta a sama. Ba mu yi taku ɗari ba sai ƙasa ta yi “wum” a ƙarƙashinmu, ta ɗan nutse, kamar an buga babban ganga a cikin ɗaki rufaffe. Luis ya yi alamar gicciye a ƙirji.

“Burgl,” ya ce da ni ƙasa-ƙasa, “wannan fa?”

“Tambayi shugaban kwamiti.”

Shugaban kwamiti bai waiwayo ba, amma na ga yadda ya ƙanƙame sandarsa. Sau uku ta yi mana haka kafin mu isa. Kowa ya ji, kowa ya san ma'anarsa, amma babu wanda zai zama na farko da zai juya daga gayya. Haka muke, mun gwammace a binne mu da a ce mun gudu.

Maƙogwaro yana nan yadda na bar shi, fari sol, sumul, ya cika ya yi ciki. Faɗinsa bai wuce taku sittin ba, ga rumbun Kassian can a ɗaya gefen, rufinsa kawai ake gani. Muka tsaya a kan duwatsun bakin, aka buɗe masa hanya.

Kassian ya matsa, ya caka sanda, ya zare, ya sake cakawa. Ya cire safar hannu, ya mayar. Ya dubi sama kamar mai jiran saƙo. Sai ya dafa gwiwa, ya yamutsa fuska.

“Kai, gwiwar nan ta riƙe. Luis, kai ba ka da nauyi, fara mana, ina bayanka.”

Luis mutum ne da bai iya cewa a'a ba ko ga akuyarsa. Wallahi har ya ɗaga ƙafa. Na riƙe masa hannun riga.

“Ciyawar Luis ce?”

“Burgl, ba da ke nake ba.”

“Tambaya na yi. Jama'a, ciyawar wa aka zo ɗauka? Ko an canza doka ne ban ji ba?”

Wani ya ce, “Doka dai tana nan.” Wani ya ce, “Mai ciyawa.”

Kassian ya ce, “Ba ku ga ƙafata ba ne? Mutum ya ce muku ba shi da lafiya!”

Na ce, “Ayya, sannu. To ai doka ba ta matsa wa gurgu ba. In mai gida ba zai iya ba, gidan yana da wani jinin.” Na juya na dubi Afra.

Kunyar ubanta ta riga ta rufe ta, fuskarta ta yi ja, idonta ya kawo ruwa. Ta gyara igiyar ƙugunta, ta ce, “Ku matsa. Gidanmu bai taɓa aron ƙafa ba.” Ta sauka daga kan dutsen.

Na zuba wa Kassian ido, ina jira. Afra ta yi taku ɗaya, ƙafarta ta nutse har gwiwa. Ta yi na biyu. Na ce a raina yanzu zai yi magana. Na uku. Na huɗu. Jar igiyar tana warwarewa a bayanta, tana bin sawunta. Na san abin da ke ƙarƙashin ƙafar yarinyar nan fiye da kowa a duniya, na taɓa shi da hannuna. Amma shekara goma sha ɗaya suna zaune a kan harshena, kuma ga mutumin nan yana gab da fashewa, ina gani. Biyar. Shida.

A na bakwai gangaren ya yi “wum”, wata siririyar tsaga ta fita daga ƙafarta ta gudu sama kamar an ja zare.

“Afra!” Muryar Kassian ta fashe kamar ta mace. “Tsaya! Kada ki motsa! Zai tafi, wallahi zai tafi, haka ya yi ranar Veit, haka na ji shi a ƙafata! Dawo, 'yata, dawo ta sawunki!”

Ta dawo da baya, a hankali, tana mayar da kowace ƙafa cikin raminta. Da ta iso, maza biyu suka fizgo ta kan dutse, uban ya rungume ta yana kuka. Gangaren bai tafi ba.

Luis ne ya fara magana, kuma ban taɓa jin muryarsa haka ba.

“Ka ji shi a ƙafarka? Kassian, ai ce mana ka yi igiya ce ta tsinke.”

Kassian ya saki 'yarsa, ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara. Na zo na tsaya a gabansa, na tare masa rana.

“Maimaita. Da ƙarfi, na baya ba su ji ba.”

“Burgl, ki ji tsoron Allah.”

“Ina jinsa. Maimaita.”

Ya ce, “Na shiga taku biyu, na ji ya yi ƙara, na fito. Su Luis suna baya ba su iso ba. Na tsugunna, na ce wa Veit ya fara.” Ya share hanci da bayan hannu. “Na ɗauka zai riƙe. Wallahi na ɗauka zai riƙe.”

Na ce, “Sunansa fa? Faɗi sunansa kuma.” Ya faɗa. Na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ina amarya. Duk wanda ya ce maka ramuwa ba ta da daɗi, bai taɓa samu ba ne.

Muka sauko babu ciyawa, babu mai tafiya kusa da Kassian. Washegari da azahar Maƙogwaro ya zaftaro da kansa, daga can sama har cikin rafi, ya karya itatuwa kusan arba'in. Daga dandali muka ga farin hayaƙinsa, tagogin coci suka yi ta karkarwa.

Kafin Lahadi an cire Kassian daga kwamiti. Ba a kai shi ƙara ba, mu ba ma haka. Kujerarsa ta gidan cin abinci dai aka mayar jikin bango, in ya yi gaisuwa sai a dubi agogo. Maƙwabta suka kai wa shanunsa ciyawa dami-dami, domin dabba ba ta yi laifi ba, amma a hannun Afra suke ba da ita, ko yana tsaye a wurin. Mata suka riƙa zuwa gidana da waina da man shanu, waɗanda suka ba shi haƙuri a ƙofata suna cewa ai su dama sun yi zargi. Na karɓi wainar, na ci.

Afra ba ta zo ba sai bayan kwana tara. Da hantsi ne, ina fasa itace a bayan gida. Ta tsaya daga bakin shinge, ba ta shigo ba. Ta rame.

“Gota, tambaya ɗaya na zo yi.”

“Shigo mana, akwai shayi a wuta.”

“Ranar Litinin da kika kawo mini ƙosai, kin san Baba zai ƙi shiga?”

Na ajiye gatarin. Na ce, “Na sani.”

Ta gyaɗa kai, kamar dama abin da take jira ke nan. “Abin da Baba ya yi, ya yi. Ban zo roƙa masa komai ba. Amma da bai yi magana ba fa?”

“Da na tsayar da ke. Haba Afra, ni ce fa.”

“A taku na nawa?”

Na buɗe baki. Na nemi amsar a ko'ina cikin raina, da gaske na nema, domin ita ba zan iya yi mata ƙarya ba. Ban samu ba.

Ta ce, “Bakwai na yi. Ban ƙirga ba, tsoro bai bar ni ba. Ke na ji kina ƙirgawa a bayana, Gota, da ƙarfi, har da ɗan ɗokinki.”

Ta juya ta bi hanyar gidansu. Na kira sunanta sau biyu, ba ta waiwayo ba.